Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Hakimai, Dagatai, Masu Unguwanni Da Limaman Karkara Kan Halin Da Mazan Ƙauye Ke Ciki

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranku ya daɗe iyayen ƙasa, Allah ya ja zamaninku. Allah gafarta malamai, Allah ya ƙara wa rai albarka. Bayan gaisuwa irin ta ɗa da mahaifi, ina neman afuwa tun kafin in fara, domin maganar da na ɗauko ba irin wadda yaro ya saba yi a gaban manya ba ce. Ni ma'aikacin lafiya ne a wani asibitin sha-ka-tafi na ƙauye. A ƙauye aka haife ni, kuma har yau ina da 'yar gonar da nake leƙawa in an tashi aiki. Maganar mazan karkara ce ta kawo ni gabanku, magidanta da samarin da ke ƙarƙashinku, waɗanda kuke ɗaura wa aure, kuke raɗa wa 'ya'yansu suna, kuke raba musu gado, kuma ku ne kuke sallatar su in ta Allah ta kasance.

Da gwamna zan rubuta wa, da taki da hanya da tsaro zan roƙa, masu roƙon waɗannan kuwa suna da yawa. Abin da nake nema ba ya hannun gwamna. A ƙauye kunya ce ke juya namiji. Abin da za a faɗa a kansa a majalisa, da irin kallon da za a yi masa a ƙofar masallaci bayan magariba, sun fi ɗan sanda da alƙali ƙarfi a zuciyarsa. Ku kuwa ku ne masu faɗin abin da yake abin kunya da wanda ba shi ba. Abin da dagaci ya yi wa dariya, gari duka zai yi masa. Abin da liman ya kau da kai daga gare shi, ba mai sake tayar da shi.

Bari in fara da abin da kuka fi ni sani. Yawancinku a gandu kuka tashi. Saurayi ya yi wa mahaifinsa aiki a gonar gida tun da sassafe har azahar, da yamma ya wuce gayaunarsa, abin da ya samu a can nasa ne. Sai dai gandu ba bauta ba ce, ba-ni-in-ba-ka ne. Maigida ke ciyar da kowa daga rumbu ɗaya. Shi ke sayen fartanya da garma. Shi ke biyan harajin kowane baligi a gidan, kafin gwamnatocin Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna su soke shi a 1979. Shi ke yi wa ɗansa auren fari tun daga gaisuwar iyaye har sadaki, ya yankar masa wurin ɗaki a cikin gida, ranar suna kuma ragon daga garkensa zai fito. In aiki ya fi ƙarfin gida a kira gayya, a dama fura, a zo da makaɗi, samarin gari su cinye gonar a wuni guda. A ƙasar Gobir da Katsinar Maraɗi, manomin da ya tara dami dubu sai ya yi bikin dubu, ya buɗe rumbunansa jama'a su ci su ɗiba, sannan a kira shi Sarkin Noma.

Wato a wancan zamani in an ce wa yaro "kai fa namiji ne", an ɗora masa kaya, amma an naɗa masa gammo, kuma akwai masu kama masa in zai sauke. Yau kayan na nan, har an ƙara wasu a kai. Gammon aka janye.

Gonar da kaka ya noma shi da 'ya'yansa an raba ta gado sau biyu ko uku. A ƙauyukan da ke kewaye da Kano, abin da ya iso hannun jika ɗan yanki ne wanda ko damina ta yi kyau ba zai kai gida wata huɗu ba. Ƙasar ta gaji, ba ta yi sai da taki. Buhun takin da gwamnatin tarayya ta sa wa farashin naira 5,500 a 2017 yau ya ninka sau da yawa. Ranar 29 ga Mayun 2023 aka janye tallafin fetur, mai injin ban-ruwa a fadama ya wayi gari kuɗin man da yake zubawa ya kusa ninka uku. A kakar 2025 kuma farashin masara ya faɗo, na taki ya ƙi faɗowa. Mutumin birni ya yi hamdala, manomin da ya ci bashi ya ga buhun masararsa ba ya sayen buhun taki. Uban da ya kamata ya riƙe gandu shi kansa aiken Legas yake jira. Gayya ta koma jinga da ƙwadago, kowa tasa ta fisshe shi. Duk da haka ma'aunin da muke auna namiji da shi bai motsa ba ko kaɗan: ya ciyar, ya tufatar, ya yi aure da wuri, ya yanka rago, ya taimaki dangi, kada kuma a taɓa jin ya ce wash.

To ina zai samo? Sai cin rani. Da can ana tafiya bayan an gama girbi, a dawo da ruwan shuka. Yanzu ranin wasu shekara uku ne. Suna Mile 12 da Agege, suna unguwar Sabo ta Ibadan, suna Fatakwal da Abuja, 'yan'uwanmu na Nijar kuma har Libiya da Aljeriya. Ga-ruwa, dako, tura baro, gadi, yankan farce, wankin takalmi, jari-bola, acaɓa. Kwana a bakin shago ko kangon gini, wanka a gidan wanka na kuɗi, abinci sau ɗaya don a tara abin aikawa. Sana'ar da suka fi dogara da ita ma ba ta da tabbas. Kano ta hana acaɓa a Janairun 2013. Legas ta hana a ƙananan hukumomi shida daga 1 ga Yunin 2022, aka riƙa kama babura ana niƙewa, da yawansu kuwa ba na masu tuƙin ba ne, balas suke kai wa mai shi kullum. In rikici ya tashi, su ne a fili. Mun ga abin da ya faru a kasuwar Shasha ta Ibadan a Fabrairun 2021. Mun ga na Uromi a jihar Edo a Maris ɗin 2025, inda aka tare mafarauta 16 da ke hanyarsu ta dawowa gida yin Salla daga Fatakwal aka hallaka su. 'Yan ƙauye ne, irin waɗanda kuke gani kullum, da matansu da 'ya'yansu suna jiran tsaraba.

In ɗan cin rani ya dawo, wa ke tambayarsa yadda ya kwana a can? Hannunsa ake kallo. Wanda ya shigo da sabon babur da shadda, har zaure ake bin sa da sannu da zuwa, a majalisa a matsa masa wuri. Wanda bai samo ba sai ya jira dare ya raba sannan ya sulalo gida. Wani ma ba ya dawowa sam. Ba mutuwa ya yi ba, kunyar shigowa hannu rabbana ce ta riƙe shi, ya canza layin waya, matarsa ta yi ta zaman jira har ta gaji ta kai ƙara a raba auren. Masu unguwanni, kun san gidajen nan ɗaya bayan ɗaya.

Nan ne ƙwaya ta samu ƙofa. A birni wataƙila don holewa ake fara sha. A wurinmu don aiki ne. Yaro ya karɓi jingar gona, ko zai yi dakon buhu tun safe har dare, sai abokinsa ya miƙo masa tiramol ya ce wannan ba ka jin gajiya. Daga gadagi a teburin mai shayi aka fara, aka zarce. Mai gona kuwa ya fi son ɗan ƙwadagon da ba ya zama, kuma ba ya tambayar me ya sha, sai dai ya yabe shi ya ce wane ai namiji ne. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi a 2018 ya nuna 'yan Najeriya miliyan 14.3 ne ke ta'ammali da ƙwaya, kuma uku cikin huɗunsu maza ne. A shekarar ce aka hana shigo da maganin tari mai kodin da sarrafa shi, amma hanin bai taɓa dalilin da ya sa yaron ke sha ba. Ranar da kansa ya taɓu, mu da muka yabe shi jiya mu ne za mu ce ya lalace, a kai shi a sa masa mari. Kun tuna gidan da 'yan sanda suka buɗe a Rigasa ta Kaduna a Satumban 2019, suka fito da maza da yara wajen 300, wasu da sarƙa a ƙafa, da wanda aka buɗe a Daura bayan 'yan makonni. Iyaye ne suka kai su da hannunsu, suna biyan kuɗi, domin ba wanda ya gaya musu cewa a Dawanau ta Kano da Kware ta Sakkwato akwai asibitocin da aikinsu ke nan.

Maganar aure kuwa, ranku ya daɗe, a nan hannunku ya fi kaiwa. Malamai sun karantar da mu cewa mafi ƙarancin sadaki a mazhabarmu rubu'in dinari ne. Ba sadaki ke hana saurayi aure ba. Kuɗin na-gani-ina-so, gaisuwar uwa da uba, sa rana, kayan sa-lalle, sannan uwa uba lefe, akwati kaza, atamfa kaza, don 'yar gidan wane an kawo mata kaza. Ɗaya ɓangaren ma namiji ne ke ɗauka: uban amarya zai sayar da sa, wani har gona, don gado da katifa da kujeru da gara, kada a ce ya kai 'yarsa ɗaki fayau. Maza biyu sun shiga bashi saboda bakin mutane, amarya ta tare a gidan da babu hatsin wata guda. Gwamnatin Kano ta fara aurar da zawarawa ta hannun Hisba a 2012, a Oktoban 2023 ta ɗaura wa angwaye 1,800 da amarensu aure a lokaci ɗaya. Allah ya saka da alheri, amma ku duba abin da hakan ke nufi: aikin maigidan gandu ne ya koma hannun gwamnati, ita kuwa ba za ta iya kaiwa ko'ina ba.

Akwai kuma ɗaya gefen, wanda mu maza ba ma son a taɓo. Mutum ya samu kaka mai kyau, ɗakinsa na yoyo, yaransa ba takalmi, sai majalisa ta fara zuga shi: har yanzu mace ɗaya, wane? Ko mijin-ta-ce ne? Kafin watan azumi ya ƙaro ta biyu, kafin damina ta tsaya an sallami ɗaya, an tura yara uku gabas da allo da ƙoƙo. Da Sarkin Kano Muhammadu Sanusi II ya yi maganar a 2017, cewa wanda ba shi da halin riƙe mace ɗaya kada ya ƙara, an yi masa ca. Ni dai abin da nake gani a layin awo da layin yara masu tamowa bai ƙaryata shi ba. Shari'a ta halatta, ba mai musu, amma majalisa ba halaccin take dubawa ba, gori take yi, shi kuma gorin yake gudu.

Yanzu bari in zo kan abin da na fi sani. Ku leƙo asibitinmu kowace ranar aiki. Mata ne cike, masu ciki da masu goyo, sai tsofaffi mata. Namiji in ka gan shi, rakiya ya yo, yana can gindin bishiya ya juya baya. Ba wai ba sa ciwo ba ne. Namijin ƙauye ba ya zuwa asibiti da ƙafarsa, kawo shi ake yi, ranga-ranga, a amalanke ko a tsakiyar mutum biyu a kan babur. Kafin nan ya sha saiwa, ya sha jiƙo, ya sayi maganin basir a wurin mai lasifika ranar kasuwa, mai kemis ya yi masa allura da ƙarin ruwa, kuma bai gaya wa kowa ba, har matarsa.

Tun yana yaro muka koya masa. Yaro ya yi wanka a kududdufi ko a magudanar ruwan noman rani, ya fara fitsarin jini, sai a ce ai tsargiya ce, alamar ya fara zama namiji ne. Ba alamar balaga ba ce, Allah gafarta malam. Tsutsa ce da ke fitowa daga ƙananan katantanwar ruwa, ta huda fata ta shiga jini, ta zauna a jijiyoyin mafitsara tana zuba ƙwai. Maganinta 'yan ƙwayoyi ne da ake rabawa kyauta a makarantu. In an bar ta shekara da shekaru tana lalata mafitsara da ƙoda, har takan kai ga ciwon daji. Amma darasin da yaron ya ɗauka ya fi tsutsar illa: jini ma in ya fito daga jikinka, shiru ake yi.

Da wannan darasin yake girma. Ga mai gwaiwa, wanda sau da yawa cizon sauro ne ya sa masa tsutsar da ta toshe hanyar ruwa a jikinsa, ya yi shekara goma yana ɗinka wando mai faɗi, ya daina hawa keke, ya daina zama a sahun gaba, samari na yi masa waƙa a bayan ido, alhali aikin tiyatar ɗan ƙarami ne. Ga mai kaba, yana tura ta ciki da hannu yana ci gaba da huɗa, sai ranar da hanji ya maƙale ya ƙi komawa, a taso da shi tsakar dare yana amai, babban asibiti kuma na da nisa. Ga dattijon da ya wuce hamsin, fitsari ya fara yi masa gardama, yana tashi sau biyar a dare, ba zai faɗa ba sai ranar da ya ɗauke gaba ɗaya, mara ta kumbura, 'ya'yansa su kawo shi yana cizon hannun riga. Ga mai tarin da ya wuce mako biyu, yana ramewa yana cewa sanyi ne, yana kwana ɗaki ɗaya da jarirai, bayan kuwa gwajin tarin fuka da maganinsa na wata shida duk kyauta ne. Hawan jini shi ya fi ba ni takaici, domin ba ya ciwo. Mutum na tafe garau, sai a wayi gari ɓarin jiki ya shanye, baki ya karkace, a ce jifa ne ko iska, a fara zargin ɗan'uba. Awon da zai nuna shi tun da wuri ba ya cin minti biyar.

Sai rashin haihuwa. Aure ya shekara uku shiru, mace za a kai wa mai magani, ita za ta sha ɗaci, ita za a yi wa kishiya, kishiyar ma a ji shiru, a ƙaro ta uku. Likitoci sun tabbatar cewa a kusan rabin irin wannan matsala akwai hannun namiji, wani lokaci ma tsohon ciwon sanyi ne da bai yi magani ba. Amma wane ne zai iya ce wa maigida ya je a gwada shi? In ba ku ba, babu.

Abin da ke cikin zuciya kuwa ya fi na jiki ɓuya. A Zamfara, da yammacin Katsina, da gabashin Sakkwato, da Birnin Gwari, har zuwa Madarunfa da Gidan Rumji a jihar Maraɗi, akwai magidantan da sai sun biya 'yan bindiga kafin su shuka, su sake biya kafin su girbe, wasu a tasa su gaba su noma gonar ɓarayin tukuna. Akwai wanda aka ci mutuncin iyalinsa a gabansa yana ɗaure. Akwai wanda aka sayar da gonar gado aka fanso shi, ya dawo yana ganin shi ne ya tsiyata gidansu. Akwai masu zaman gudun hijira a Gusau da Anka da Jibiya, mutumin da rumbunsa ke ciyar da mutum ashirin, yau matarsa da yaransa ne ke fita bara su kawo masa. Waɗannan mutane ba sa barci. Wasu sun daina magana, wasu abu kaɗan sai duka. Mukan ce musu a yi haƙuri, a yi ta maza. Haƙuri gaskiya ne, amma ba a taɓa zama an bar su sun faɗi abin da suka gani ba.

Samari kuma suna kallo. Sun ga uba mai fartanya ana marin sa, sun ga mai bindiga ana yi masa fadanci, ko na daji ko na sa-kai. Me kuke tsammanin za su ɗauka shi ne mazantaka? Ban ce kada gari ya kare kansa ba. Gwamnatin Katsina ta kafa rundunar tsaron al'umma a Oktoban 2023, Zamfara ta ƙaddamar da Askarawa a Janairun 2024, kuma akwai 'ya'yan talakawa da suka ba da ransu a ciki, Allah ya jiƙansu. Amma tare Bafulatani a kasuwa a kashe shi don kamanninsa ba jarumta ba ce, kuma kun san sau nawa irin wannan ya jawo wa gari harin ramuwa. Shi ma ɗan Fulanin da aka kore wa shanu, a rugarsu ana auna shi da irin ma'aunin da muke auna namu: namijin da ba shi da garke, wa zai ba shi mata? Mai ɗaukar yara aiki a daji ya san wannan sarai, da shi yake farauta.

Kada a ɗauka ina wanke maza ne. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Duk abin da namiji ya haɗiye a waje, a cikin gida yake amayar da shi, kuma mace da yara ne ke kwasa. Wanda aka wulaƙanta a kasuwa shi ne zai daki matarsa kan gishirin miya. Wanda ya kasa kawo cefane, maimakon ya ce babu, sai ya nemi rigima ya yi saki don kada a gane. Mun sha karɓar mai naƙuda da ta kwana biyu a gida tana fama, don maigida na cin rani kuma ba wanda ya isa ya ba da izinin fita da ita. Ku tambayi ma'aikatan asibitin Babbar Ruga a Katsina ko na Jahun a Jigawa yadda mata ke kamuwa da yoyon fitsari, za ku ji labarin jiran izini ya fi a ƙirga. Mata da yawa a ƙauye su ne ke riƙe da gida da kuɗin ƙuli-ƙuli da awara da kiwon awaki, mijin ya sani, gari ya sani, amma in ya gode mata a fili ko ya ɗauki yaro ya rarrasa tana girki, gobe shi ne abin hira.

Allah gafarta malamai, ku kuka karantar da mu cewa Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya zubar da hawaye ranar da ɗansa Ibrahim ya rasu, ya ce ido na hawaye, zuciya na baƙin ciki, amma ba ma faɗin sai abin da Ubangijinmu ya yarda da shi. Ku kuka gaya mana Annabi Yaƙub ya yi baƙin cikin rabuwa da Yusuf har idanunsa suka yi fari. Ku kuka kawo mana maganar Nana A'isha cewa a gida yana cikin hidimar iyalinsa, yana ɗinke tufarsa, yana gyara takalminsa. Ku kuka ce mai ƙarfi ba shi ne mai kayar da mutane a kokawa ba, shi ne mai mallakar kansa lokacin fushi. Aya ta 7 a Suratuɗ Ɗalaƙ ta ce mai yalwa ya ciyar daga yalwarsa, wanda aka ƙuntata wa arzikinsa ya ciyar daga abin da Allah ya ba shi. Duk muna jin waɗannan a tafsirin azumi. Abin da ba mu ji ba shi ne a ɗauko su ranar Juma'a a ɗora a kan ƙauyenmu, a ce da wane da wane ake. Huɗubar haƙƙin miji a kan mata mun haddace ta. Muna roƙon ta mai gwaiwa, da ta wanda ya dawo cin rani ba ko sisi, da ta masu zuga mutum ya ƙara aure.

Ba sabon abu nake kawo muku ba. A jihar Damagaram, tun wajen 2008, an kafa abin da ake kira makarantar mazaje, da goyon bayan sarakunan gargajiya da wata hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya. Ba aji ba ne, ba allo. Magidanta ne da gari ya yarda da halinsu, su zauna sau biyu a wata su tattauna abin da ke hana mata zuwa awo da haihuwa a asibiti, su bi sauran maza majalisa-majalisa suna jan hankalinsu, wani wuri har su haɗa hannu su gina wa ungozoma ɗaki. Abin ya karɓu har ya bazu zuwa sauran jihohin Nijar da wasu ƙasashen maƙwabta. Na san wani zai ce ai wannan dabarar ƙayyade iyali ce. To ku ɗauki tsarin ku zuba naku a ciki. Zauren dagaci ya isa, liman na gefe, a kira ma'aikacin lafiya da malamin gona, wannan karon a yi maganar mazan su kansu: bashi, ƙwaya, ciwon da ake ɓoyewa, da wanda aka sako daga daji ya kasa barci.

Lefe da kayan ɗaki kuma ku zauna da iyaye mata, don su ne masu ƙirga akwati, ku yanka iyakar da gari zai iya, ku fara da auren 'ya'yanku. In 'yar hakimi ta tare da akwati biyu, ba wanda zai sake jin kunyar biyu. Kowane magidanci da zai tafi cin rani ya bar izini a gaban mai unguwa cewa in ciwo ko naƙuda ta taso a fita da iyalinsa ba sai an neme shi a waya ba. Filayen da ke hannunku, da gonakin waɗanda suka koma birni suka bari, a ba samari aro da shaidu, ko da na shekara uku ne, maimakon a jira mai kuɗin birni ya zo ya kewaye da waya. In an kawo muku ƙarar saki, kafin ku tambayi me ta yi, ku ja mijin gefe ku tambaye shi me ke cikin rumbunsa da kuma nawa ake bin sa.

Na ƙarshe shi ne mafi sauƙi, kuma shi na fi so. Ranka ya daɗe hakimi, ranka ya daɗe dagaci, ku zaɓi ranar kasuwa guda, bayan azahar, a ƙofar fada. Za mu zo da na'urar awon hawan jini da ta suga. Ku fara naɗe hannun riga a gaban jama'a a auna ku, liman ya biyo, sarkin noma da sarkin pawa da shugaban 'yan acaɓa su biyo. Wanda ke da maganar da ba ta faɗuwa a fili, za mu keɓe ɗaki a zaure, ma'aikaci namiji ne zai saurare shi, kuma ba mai jin abin da ya faɗa. Mu a shirye muke, ranar kawai muke jira ku sa.

Allah ya ƙara muku lafiya da nisan kwana, ya zaunar da ƙasarmu lafiya.

Wassalam.

Ɗanku mai biyayya,
Wani ma'aikacin lafiya a karkara